Sharhi: Baƙuntar da Ta Shekara Ɗari Ba Ta Ƙare Ba a Sudan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun kar-ta-kwana na RSF ƙarƙashin Hemedti, hankalinmu a nan gida ya karkata ne ga ɗalibanmu. Aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka sha zaman jira cikin rairayi, daga bisani jirgi ya ɗauko su daga Aswan zuwa Abuja. Muka yi hamdala. To, su suna da fasfo, suna da gidan komawa.

Kafin yaƙin nan, Sudan masaukin 'yan gudun hijira ce fiye da miliyan ɗaya. 'Yan Eritiriya sun daɗe a sansanonin Kassala, 'yan yankin Tigray na Habasha sun cika sansanin Um Rakuba tun 2020, ga mutanen Sudan ta Kudu jingim. Waɗannan sun gudu daga wuta, wutar ta iske su a inda suka fake.

Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai danginmu ne, Hausawa da Fulanin da ke zaune a Sudan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka yada zango a bakin kogin Blue Nile kusa da Sennar. Garin na nan, sunansa Mai Wurno. Ga kuma maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa, waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya neman na gaba, tsayuwar ta zama zama. Da aka buɗe gonakin audugar Gezira a 1925, gumin waɗannan mutane na cikin abin da ya raya su. Duk da haka sunan Takari da Fallata, da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a can, bai bar su ba, kuma a bakin wasu ma'anarsa guda ce: kai ba ɗan ƙasa ba ne.

An ga haka ƙarara a watan Yulin 2022, tun kafin babban yaƙin. Hausawan jihar Blue Nile sun nemi a ba su masarautarsu ta gargajiya, aka ce ai ba su da ƙasa a wurin. Rikici ya tashi, aka kashe mutum fiye da 100, a watan Oktoba kuma aka sake zubar da jini a Wad al-Mahi. Ku duba fa, mutumin da kakan kakansa ke kwance a maƙabartar garin, shi ake tambaya daga ina ya zo.

Sai ga RSF ta kama Wad Madani, babban birnin jihar Gezira, a Disambar 2023, ta shiga Singa, babban birnin jihar Sennar, a Yunin 2024. Jikokin masu hijirar Burmi suka sake ɗaure kaya, tare da maƙwabtansu, suka nausa Gedaref da Kassala. Su babu jirgin da ya je ɗaukar su, domin nan ɗin ne gida.