Darasin rediyo: A bar yaro ya zana kalma kafin ya rubuta ta

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana, da iyayen da ke saurarenmu daga cikin garin Sakkwato har Wurno, Gwadabawa da Tambuwal. Yau maganarmu a kan 'yan aji ɗaya zuwa uku ce, da yadda zane ke sa sabuwar kalma ta zauna wa yaro daram.

Kun san yadda muka saba. Malam ya jera kalmomi a allo, yara su yi ta nanatawa da ƙarfi har a kaɗa ƙararrawa. Washegari ka tambaya, rabi sun zube. Ba taurin kai ba ne, sauti kawai muka ba su, ba su ga abin ba.

To ga yadda za a yi. Mu ɗauki hawan Sallah, tunda da wuya ka sami yaron garin nan da bai taɓa kallonsa ba. Kada ka rubuta komai tukuna. Ce musu kowa ya zana kayan dokin da ya gani. Sai ka bi sahu-sahu, ka tsuguna kusa da yaro, ka ɗora yatsa a kan zanensa ka ce, "Yarona, wannan da mahayi ke zura ƙafa a ciki fa, me ake ce masa?" In ya yi shiru, tambayi na kusa da shi. Wani zai ce likkafa. A lokacin ne za ka rubuta ta a allo, shi kuma ya ja layi daga zanensa ya kwafa. Haka sirdi, haka linzami. Kalma biyar ta isa darasi guda. Ranar Turanci a ɗauko wannan takardar, a rubuta kalmar Turancin a ƙarƙashin ta Hausar.

Ina roƙonku abu ɗaya: kada malam ya ƙwace alli ya zana musu da kansa, kuma kada a ba da maki don kyan zane. Ko sirdin ya fito kamar kujera, in yaro ya kira sunansa ya rubuta daidai, ya ci.

Na san akwai iyayen da ba sa son zanen abu mai rai. A girmama su. Tulu, randa, kasko, faifai, ludayi, giginya, duk suna nan. Kuma ado a kan allo ba baƙonmu ba ne, ai da zayyana ake ƙawata allon mai sauka.

Wani zai ce makarantarsu ba fenti, ba takardar zane. Gawayi fa? Jar ƙasa a dama da ruwa, ruwan zoɓo, bayan tsohuwar kalanda, kwalin da mai shago ya yar. Yumɓu ma ya fi, domin yarinyar da ta gina ɗan kasko da hannunta ba za ta sake kiransa tukunya ba.

Idan an sami dama, a kai 'yan aji uku gidan tarihi na Waziri Junaidu, ko rumfar baduku su ga yadda ake ɗinka jaka da kube da jar fatar akuyarmu. Kowa ya dawo da zanen abu ɗaya da sunansa.

Zanen kuma kada ya ƙare a kwandon shara. A ɗaura igiya a bangon aji a rataye su, ranar Alhamis a rufe rubutun da tafin hannu, a nuna zanen, a ce wa ya tuna. Wanda ya manta, mai zanen ne zai tuna masa, ba malam ba.