Amsoshin tambayoyinku: ɓurɓushin gato da ya rage, mi za a yi da shi?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka, daga nan Yamai muke gaishe ku. Satin nan saƙonni sun zo da yawa ta WhatsApp, amma na ware guda huɗu don duk kan abu guda suke magana, wato ɓurɓushin gato, wanga da ke raguwa a faranti bayan an yanka, ko wanda ya farfashe wajen hiddo shi daga gwangwani.

Na farko wata ƴar'uwa ce daga unguwar Bukoki, tana yin gato na suna da na aure. Ta ce duk sanda ta aske saman gato don ya daidaita kafin ta yi mai ado sai ta tara kusan tasa guda, ta gwada yin biskiti da shi amma ya baje a faranti, ga zaƙi har ya hau kai, gindin kuma ya ƙone. Ina kuskuren yake?

To ƴar'uwa, kuskuren guda ne kuma kusan kowa na yin shi, kin ɗauki ɓurɓushin kamar fulawa ne, alhali ba fulawa ba ne. Abin ga an riga an gasa shi sau ɗaya, da sukarinshi a ciki, da bota, da ƙwai, in kinka bi awon biskiti na yau da kullum kinka sake zuba sukari kofi guda da bota mai yawa to kin ninka su kenan, shi kuwa sukari da mai su ne ke sa kwaɓi ya narke ya baje in ya ji wuta, kuma sukarin ne ke saurin ƙonewa. Sannan fulawar da ta riga ta gasu ba ta da sauran danƙo, ba ta iya riƙe kanta, dole sai an kawo mata abin da zai haɗe ta, shi ne ƙwai da ɗanyar fulawa kaɗan.

Ga yadda ni nake yi. Ki murza shi da hannu ya zama gari-gari, ki baza a faranti ki sa a fur, wato murhun gasa gato, wuta ƙasa-ƙasa kamar minti 10 ya sha iska, ba so ake ya yi ja ba. In ya huce ki auna kofi 2, ki zuba fulawa rabin kofi, ƙwai 1, bota cokali 3 manya mai laushi ba narkakka ba, lebur na gato rabin ƙaramin cokali (ba sashe guda ba don Allah, wato ɗan ƙunshin da ake saida shi a ciki, sashen nan giram 11 ne, na fulawa rabin kilo ne), da ɗan gishiri a bakin yatsa. Sukari kuwa ki ɗanɗana ɓurɓushin tukuna kafin ki fasa ƙwai, sau da yawa cokali 1 ko 2 ya isa, wani sa'in ma ba ya so ko kaɗan. Ki kwaɓa, in ya yi tauri ki ɗiga madara, in yana manne ma hannu ki barbaɗa fulawa, don gato ba iri ɗaya ba ne, wani mai mai ne wani busasshe, hannunki ne zai gaya miki. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne a sa kwaɓin a firigo rabin awa, a zafin garin nan da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu bota ba ta tsayawa, tun wajen digiri 32 zuwa 35 take narkewa, kafin ki gama mulmulawa ta zama ruwa. Ki mulmula ƙanana, ki danna da bayan cokali mai yatsu, ki gasa a digiri 180, minti 10 zuwa 12. Da kin ga gefe ya fara ja ki sauke ko da tsakiya na da laushi, wajen hucewa yake ƙarasa tauri. In kina da soyayyar gujiya ko riɗi ki watsa a ciki, wallahi da riɗi ya fi daɗi, kuma abu ne da za ki ƙulla a leda ki aje a shago dala biyar ko dala goma, kin ga kuɗin ƙwai ya fito.

Manyan yankan da kinka aske kuma kar ki wahal da kanki wajen murzawa, ki yanka su dogo-dogo kamar yatsa ki maida fur a digiri 150 har su bushe ƙarau, kina juyawa. Ai ma'anar kalmar biskiti kenan a Faransanci, abin da anka gasa sau biyu. Da shayi da safe ba a magana.

Sai Hajiya daga Tawa, muna gaishe ki Hajiya, ya zafi ya iyali. Ta ce ita ba ta da fur, gawayi take aiki da shi, jikoki sun bar mata ragowar gato bayan salla, shin akwai dabara?

Akwai Hajiya, har biyu. Kwaɓin da na faɗa yanzu yana gasuwa a tukunya, ki zuba rairayi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki rufe ya yi zafi sosai, ki ɗora faranti bisa ƴan duwatsu ko gwangwanaye don kar ya taɓa rairayin, ki rufe ki zuba garwashi bisa marufi. Wutar sama ta ɗan fi ta ƙasa, don biskitin ɓurɓushi ta gindi yake fara ƙonewa. Amma ni in nice ke ba zan ma hura wuta ba. Ki samu dabino, na Ingal ko na Bilma duk wanda ke kusa, ki cire ƙwallon, in busasshe ne ki jiƙa a ruwan ɗumi ya yi laushi, ki daka a turmi ya zama kamar tuwo, ki haɗa da ɓurɓushi kofi 2 da tigadige cokali 2, wato markaɗaɗɗar gujiya, da ɗan garin citta, ki mulmula kamar ƙananan dawo ki birkiɗa cikin riɗi ko kwakwa. Ba sukari ba ƙwai. Na fi son wanga a kan wanda ake yi da madarar gwangwani mai sukari ko shokola, don shi shokola a zafin Adar kafin yaro ya kai baki ya narke a hannu, dabino kuwa yana riƙe jikinshi. Dabarar ba mu kaɗai ke yin ta ba, masu gidan burodi a ƙasar Danmark sun daɗe suna dunƙula ragowar gatonsu da koko su saida, sai dai su suna sa ƙamshin giya, mu kuwa ba ruwanmu da wannan, banil ko ɓawon lemu da anka goga ya wadatar.

Na uku wani ƙanena ne ɗalibi daga Harobanda. Ya ce an yi anibarsar ƙanwarshi, gato mai kirem ya kwana a waje don kuran ya ɗauke, da safe bai ji wari ba, ko za a iya kankare kirem ɗin a yi biskiti da sauran tunda za a sake gasawa?

Ƙanena kar ka yi. Na san da ciwo, kuɗi anka sa, ni ma ba na son ganin an zubda abinci, amma wanga ba almubazzaranci ba ne. Kirem da anka yi da madara ko ƙwai ko ɗanyen ƴaƴan itace bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 ma awa 1 ce, naka kuwa dare guda ya yi. Hanci ba ya gane wannan, kuma akwai ƙwayoyin cutar da ke barin guba a cikin abinci wadda ko an sake gasawa wuta ba ta kashe ta, yara ƙanana kuma su ne zawo da amai ke saurin kayarwa. Haka in kunka ga hunhuna ko ɗigo guda ne a jikin gato, ba a yanke wurin a ci saura, abu mai laushi saiwar hunhunar na ratsa shi har inda ido bai gani. Ɓurɓushin da muke magana na gato ne tsura, mai tsabta, wanda ba a ci an rage a farantin baƙi ba.

Ta ƙarshe wata amarya daga Talaje, ta ce nata kaɗan-kaɗan yake taruwa, ya za ta aje har ya kai na yin wani abu? Amarya in kina da kwanjilato ki ƙulla a leda ki matse iska, yana kai wata 2 lafiya lau, kina ƙarawa a kai. Kar ki aje shi a firigo haka nan a buɗe, sanyin firigo na sa gato saurin tsufa ya kuma kwashi warin albasa da kifi. In kuran ba tabbas gare shi ba a unguwarku to busarwa ta fi, ki gasa shi ya bushe ƙarau ya huce sarai sannan ki zuba a kwalba mai marufi, amma ki yi amfani da shi cikin sati guda zuwa biyu don man da ke ciki na canza ɗanɗano. Kuma ko kofi guda ne ba sai kin jira ba, ki kaɗa ƙwai 1 da madara kofi 1 ki jiƙa shi minti 15, ki zuba a kwano mai shafen bota ki turara bisa ruwan zafi har ki soka wuƙa ta fito ba danshi, kin samu pudin. Ko ki barbaɗa busasshen bisa yawut mai sanyi ki ba maigida bayan la'asar.

Lokaci ya ƙure mana, masu tambaya kan gaton da ke faɗawa a tsakiya ku yi haƙuri, na ga saƙonninku, da su za mu fara sati mai zuwa in Allah ya kai mu.