Batirin litiyam cikin tsananin sanyi: wajen caji ake yin ɓarnar

[Bidiyon tashar caji, motoci jere, dusar ƙanƙara ta lulluɓe su]

Nan Cikago ne, a Amurka, tsakiyar Janairun 2024. Sanyi ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, motocin Tesla sun yi cirko-cirko a tashar caji, wasu ma sai da aka zo aka ja su. Bidiyon ya zaga duniya, aka yi ta cewa ai batirin litiyam ba ya aiki cikin sanyi. To, a Norway fa, inda sanyi ba baƙo ba ne, kusan 9 cikin kowace sabuwar mota 10 da aka sayar a 2024 mai lantarki ce zalla. Ke nan akwai abin da ba a fahimta ba. Amfani da batir cikin sanyi daban, yi masa caji cikin sanyi daban.

[Zanen cikin batir]

Bari mu leƙa ciki a gurguje. Ɓangare biyu ne, da ruwan sinadari a tsakaninsu, da wani siririn shamaki da ke hana su taɓa juna. Ɗaya ɓangaren girafait ne, irin baƙin da ke cikin fensir. Idan kuna amfani da waya, ƙwayoyin litiyam na fita daga girafait su tsallaka. Idan kun sa caji, ana tura su su koma.

Sanyi yana sa ruwan nan ya yi kauri, tafiyar ƙwayoyin ta yi nauyi. Shi ya sa waya kan ɗauke alhali tana nuna saura kashi 30. Wutar tana nan, fitowa ce ta gagara. A sa ta cikin aljihu ta ji ɗumin jiki, sai ta farfaɗo. Yawancin batiran nan an yi su ne su iya ba da wuta har zuwa digiri 20 ƙasa da sifili. Ba lalacewa ba ce, kasala ce.

[Zanen ya matso kan girafait, a hankali]

Yanzu ku natsu, nan ne wajen.

Lokacin caji, kowace ƙwayar litiyam sai ta kutsa ta shige tsakanin shimfiɗun girafait ta samu wurin zama. Cikin sanyi shigar nan tana jinkiri ƙwarai. Ita kuwa caja ba ruwanta, turowa kawai take yi. Kamar a ce tirela tana sauke buhuna a bakin sito, 'yan dako kuma sanyi ya kama musu hannu. Buhunan da ba su samu shiga ba, ina za su? Sai su taru a bakin ƙofa.

Haka litiyam ɗin ke taruwa a saman girafait, ya koma ƙarfe ya manne. Wani ɓangare kan narke ya koma aiki daga baya, wani kuwa ya tafi ke nan, ba ɗumin da zai dawo da shi. Kowane caji irin wannan yana gutsure ƙarfin batir.

[Hoton madubin ƙara girma: tsinin ƙarfe na tsirowa]

Abin da ya fi wannan muni, ƙarfen ba ya kwanciya sumul. Tsiro yake yi, tsini-tsini. Idan tsinin ya huda shamakin nan, ɓangarorin biyu suka haɗu, batir na iya yin zafi har ya kama da wuta, wataƙila bayan watanni, lokacin da kowa ya manta da sanyin. Kuma abin haushin, yayin da ɓarnar ke faruwa ba wari, ba ƙara, lambobi na hawa a fuskar na'ura lafiya lau. Gwargwadon saurin cajin, gwargwadon ɓarnar.

[Komawa kan motoci]

Saboda haka motar da ta ƙi karɓar caji nan take, kare kanta take yi. Sai ta ɗumama batirinta tukuna, ɗumamawar kuma na cin wuta da lokaci. Wanda ya iso da batir a sandare, saura kaɗan ya ƙare, ya tarar da layi, shi ne ya sha wuya. Tesla tana fara ɗumama batir tun a hanya idan direba ya sa tashar cajin a taswirar motar.

Ni dai motoci da manyan wayoyi ba su cika damuna ba, suna da na'urar da ke auna zafin batir. Apple ma ya rubuta cewa a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35. Masu ban tsoro su ne 'yan arha: fawabank marar suna, batirin keken lantarki, batirin sola da aka jibge a garejin da ba ɗumi.

A Kano ko Maraɗi, duk rawar ɗarin da muke yi da hunturu, ba ma zuwa sifili, zafi ne abokin gabar batirinmu. Wannan saƙon na 'yan'uwanmu ne da ke karatu ko aiki a Kanada, Rasha da arewacin Sin.

[Hotuna a jere, da sauri]

Batirin da ya kwana a waje, a shigo da shi ɗaki a bar shi ya yi awa ɗaya ko biyu kafin a sa masa caji, babba ya fi haka, domin cikinsa ake so ya ɗumama, ba bayansa kawai ba. Kada a ɗora shi kan hita ko kusa da wuta. Idan ya yi raɓa, a bari ya bushe. Ga babban batirin sola, akwai mai shimfiɗar ɗumama kansa, akwai kuma wanda na'urar kula da shi, wadda masu sana'ar ke kira BMS, ke yanke caji da zarar an kai sifili. Ba kowace BMS ke yin haka ba, sai an tambaya.

[Takardar bayanin batir, yatsa na bin layi]

A takardar nan layi biyu za ku gani. Na amfani yakan ce daga 20 ƙasa da sifili zuwa 60. Na caji yakan ce daga 0 zuwa 45. Layin farkon mai shago zai nuna muku, ku ce ya sauko da yatsa zuwa na biyu.