Lafiyarsa Ƙalau, To Me Ya Hana a Tayar da Mallard?

[Kan jirgi shuɗi, kyamara na bin jikinsa a hankali]

Ku dubi wannan shuɗin. Ko ƙura babu, sai ka rantse jiya ya fito daga masana'anta. Sunansa Mallard, jirgin ƙasa ne mai aiki da tururi, yana ajiye a babban gidan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin York a Ingila. Tun da hotonsa ya shiga yawo a wayoyi, tambaya ɗaya ake ta turo mini: tunda ga shi garau, me ya hana a zuba masa gawayi ya ɗebi fasinja? Wani har cewa ya yi a ba mu aronsa.

Tarihinsa a gurguje. An ƙera shi a Doncaster a 1938, zanen injiniya Nigel Gresley. Ranar 3 ga Yuli na shekarar, direba Joseph Duddington ya gangaro da shi kusa da Grantham yana gudun mil 126 a awa, wato kilomita 203. Har yau babu jirgin tururin da ya karya wannan. Sunan kuwa na wata agwagwar daji ne. Agwagwa mai gudun kilomita 203, ikon Allah. A 1963 aka yi masa ritaya, bayan ya ci kusan mil miliyan ɗaya da rabi.

Wancan taragon na katako shi ma yana cikin tafiyar ranar 3 ga Yulin, a cikinsa allura ta zana gudun a kan takarda. Ga taragon Sarauniya Victoria na 1869, ga jirgin Japan mai dogon hanci. Ku sha kallo, mu wuce, ba wajensu muka zo ba.

[Kan jirgin da aka yanke, cikinsa a buɗe]

Nan za mu zauna. Wannan Ellerman Lines ne, da gangan aka tsaga shi kamar kankana don a ga hanjinsa. Yawancinmu mun ɗauka jirgin tururi mota ce babba: in ta daɗe a ajiye a sa sabon batir, a canza baƙin mai, yaran gareji su tura. Ina! Wannan dogon jikin da kuke gani, kusan duk tukunya ce. Tukunyar ruwa a kwance bisa ƙafafu.

Wuta tana can baya, gaban direba, kuma ba ita ke juya ƙafafun kai tsaye ba. Zafinta ke bi ta waɗannan bututai da suka ratsa cikin ruwa, ruwa ya tafasa, tururi ya taru a sama. Shi tururin ne ake sakar wa fistan, fistan ya tura sandar ƙarfe, sanda ta juya ƙafa. Kun san yadda murfin butar mai shayi yake rawa in ta tafasa? To a ɗaure murfin tamau, a hana tururin fita, a ci gaba da iza wuta.

A tukunyar Mallard, kowane inci ɗaya tsawo da faɗi yana ɗauke da matsi na laba 250. Tayar motarka da mai faci yake bugawa, talatin da 'yan kai ce. Ninki takwas ke nan, a jikin abu mai girman ɗaki. Kuma saboda matsin, ruwan ciki ba ya tsayawa a digiri 100 kamar na girki, yana haura 200 yana nan a ruwansa. Tukunyar ta tsage a wannan hali, ruwan ba zuba zai yi ba. Nan take wani ɓangarensa zai koma tururi, ya nemi wurin da ya ninka nasa sau ɗaruruwa. Direba da mai zuba gawayi su ne a bakin ƙofa.

Ku matso ku ga rufin ɗakin wutar. Ƙasansa wuta, samansa ruwa. Ruwan nan ne kaɗai yake hana shi yin laushi. Shi ya sa idon mai zuba gawayi kullum yana kan wannan 'yar kwalbar da ke nuna inda ruwa ya tsaya. An kuma dasa wasu ƙusoshi masu dalma a cikinsu: ruwa ya yi ƙasa, dalma ta narke, tururi ya feso cikin wuta, kowa ya san akwai magana. Sauran ƙusoshin nan da suka yi sahu-sahu, ɗaruruwa ne, su suke riƙe bangon ciki da na waje. Kowace tana iya tsagewa a inda ido ba ya kaiwa.

Fenti ba ya gaya maka komai game da wannan. Ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce, yau da gobe sai ya gaji. Ruwa yana barin farin dasashi irin na gindin buta, tsatsa tana ci daga ciki. Don haka a Birtaniya ba a hura wa tukunya wuta sai da takardar masu duba ta, kuma duk bayan kamar shekara goma sai an wargaza ta an bi ta ɗaiɗai.

[Flying Scotsman a kan hanya, jama'a sun cika gada]

Za ku ce ai ga wannan yana tafiya. Gaskiya ne. Flying Scotsman ne, na 1923, kuma na wannan gidan tarihin ne, sun saye shi a 2004 kan fam miliyan 2.3. Gyaransa ya ci shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, ya lashe sama da fam miliyan 4. Gyara ya fi kuɗin saye, duk mai tsohuwar mota ya san wannan ciwon.

Amma ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Duk gyaran da za a yi don jirgi ya tashi, sai an cire tsohon ƙarfe an sa sabo. Tukunyar da ke jikin Flying Scotsman yanzu ba wadda ya fito da ita a 1923 ba ce. Gatarin gado ne da aka sake wa ƙota, aka sake wa ruwa, ana ta ce masa gatarin kaka. Shi ma Mallard an taɓa tayar da shi a shekarun 1980, ya yi bikin cika shekara hamsin da bajintarsa a 1988, aka mai da shi ɗaki. A ganina gara haka. Abin da ya rage a jikinsa na ranar 3 ga Yulin nan, ba a sayar da irinsa a ko'ina.

Irin Mallard guda 35 aka ƙera, shida suka tsira daga masu yankan ƙarfe. A 2013 an tara su duka a York, biyu ma sai da aka ɗauko su ta teku daga Amurka da Kanada. Ɗaya daga cikinsu, mai sunan shi Gresley ɗin, masu sha'awa sun yi ta zuba masa kuɗi don kada wutarsa ta mutu. Ga shi nan tafe. Wannan "caf-caf" ɗin tururi ne da ya gama aiki yake fita ta bututun hayaƙi, yana janyo wa wuta iska, jirgi na yi wa kansa fifita. Bari in yi shiru ku ji.