Kwangilar jirgi mai saukar ungulu: wa ke biyan cikon kuɗin?

Wannan lacca ce da wani tsohon injiniyan gyaran jiragen sama ya gabatar a Nima, Accra. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sarakunanmu, malamanmu, iyayena Alhazai da Hajiyoyi, magajiyoyi, da ku ƙannena samari da kuka tsaya a baya saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku, na kuma gode da wannan dama.

Tun ranar 6 ga Agustan 2025, da jirgin sojan sama ya faɗi a dajin Adansi a hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum takwas suka rasu, ciki har da manyan jami'an gwamnatin Ghana, Dakta Omane Boamah, da Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed, da Alhaji Muniru Limuna, ba na fita daga masallaci sai wani ya tare ni ya ce, "Baba, wannan jirgi mai saukar ungulu, abin shiga ne kuwa?" Allah ya jiƙan 'yan'uwanmu, ya ba iyalan dukansu haƙuri. Amma wancan jirgin na soja ne, ba na haya ba, don haka ba shi ne maganata ba yau. Maganata a kan jiragen 'yan kasuwa ce, waɗanda ake ba kwangila su kai ma'aikata rijiyoyin mai a teku ko wuraren haƙar zinariya.

Kada wani ya ce wannan lamarin manya ne. Tun da aka gano mai a yankin teku da ake kira Jubilee a 2007, aka fara ɗibansa a Disambar 2010, 'ya'yanmu na zango suna cikin masu tashi daga Takoradi zuwa tsakiyar teku, kimanin kilomita 60 daga gaɓa. Akwai mai walda, akwai mai dafa abinci, akwai mai aikin lantarki. A watan Mayun 2014 wani jirgin haya ya faɗa teku bayan ya tashi daga Takoradi da mutum takwas, huɗu ne suka tsira. Wanda yake zaune a wannan kujerar bai zaɓi jirgin ba, bai ga takardar kwangila ba, bai san nawa aka biya ba. An ce masa shiga, ya shiga.

To bari in nuna muku yadda kuɗin yake. Kamfanin mai ba ya sayen jirgi, haya yake yi. Sai ya yi shela, kamfanonin jirage su kawo farashinsu. Galibi akwai kuɗin da ake biya kowane wata don jirgi ya zauna a shirye, akwai kuma kuɗin kowace awa da ya yi a sama. Shi kuma mai jirgin, sau da yawa shi ma hayarsa ya yi daga wani kamfani a Turai ko Amurka, yana biya da dala ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Ga inshora, ga mai, ga albashi. Waɗannan kowa ya san farashinsu, ba a iya ɓoye su. Idan kamfanoni huɗu suka yi lissafi iri ɗaya a kan jirgi iri ɗaya, sai na biyar ya zo da farashin da ya faɗo ƙasa warwas, tambaya ɗaya ce ta kamata a yi masa: ina ka rage? Domin jirgin bai daina buƙatar abin da yake buƙata ba. Cikon kuɗin nan wani zai biya shi, kuma ba wanda ya sa hannu a ofis mai sanyi ba ne.

Abin ya ƙara lalacewa ne da farashin mai ya karye. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Kamfanonin mai suka juya kan masu yi musu aiki, suka ce a rage ko a ba wani. Akwai wani sharaɗi a yawancin kwangilolin nan da ya ba mai haya damar soke yarjejeniya da gajeren notis, ba tare da an yi masa laifin komai ba, alhali mai jirgin ya ɗaure kansa da bashin shekaru. Mutumin da aka riƙe wa wuya haka, me zai ce? Manya-manyan kamfanonin jirage masu saukar ungulu ma ba su tsira ba: CHC ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2016, PHI da Bristow suka bi sahu a 2019. Idan waɗannan sun durƙusa, ku auna halin ƙaramin kamfani mai jirgi biyu ko uku.

Ina ake ragewa? A inda fasinja ba ya gani. Fenti yana nan yana sheƙi, matuƙi yana sanye da farar riga mai gugar kirki. Amma horon da ya kamata ya je ya yi a na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasar waje, inda ake kashe masa inji da gangan don ya saba da tashin hankali, an ɗage shi ko an taƙaita shi iya abin da doka ta tilasta. Injiniyoyi shida sun koma uku, su ne dare su ne rana. Ma'ajiyar kayan gyara ta zama wayam, sai a riƙa ciro kaya daga jirgin da aka ajiye ana liƙa wa mai tashi. An sallami tsohon matuƙi mai albashi mai tsoka, an kawo wanda ake biya kullum-kullum, wanda ya san in ya ce yau hazo ya yi yawa ba zai tashi ba, gobe ba za a kira shi ba. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro, domin kalmar "a'a" a bakin matuƙi ita ce birki mafi ƙarfi da jirgi yake da shi.

Trotro, motar hayarmu, in ta lalace tsakanin Nima da Circle, direba ya gangara gefe, fasinja su sauka suna mita, a aika yaro Abossey Okai ya sayo abin da ya karye. Jirgi mai saukar ungulu ba shi da gefen hanya, kuma kowane ƙarfe mai muhimmanci a jikinsa yana da lamba, da takardar asali, da adadin awoyin da aka ƙayyade masa. In awoyin sun cika, cire shi ake yi ko da yana walƙiya kamar sabo.

Bari in kai ku cikin rumfar gyara. Tsakanin injin da farfelar da ke sama akwai akwatin giyar inji, wanda ke miƙa ƙarfin injin ga farfela, shi ne yake ɗauke da nauyin jirgin gaba ɗaya a sama. A jikinsa akwai wani ɗan toshi mai maganaɗisu, bai fi ɗan yatsa ba. Injiniya zai murɗo shi, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya sa gilashin ƙara girma. In ya ga ɗan baƙin gari mai laushi, wannan cin yau da kullum ne. In ya ga ɓarɓashi mai sheƙi, ko da bai kai ƙwayar gero ba, to wani ƙarfe a ciki ya fara ɓantarewa. Daga nan sai a tsayar da jirgi, a tace mai, a auna ɓarɓashin, a tuntuɓi kamfanin da ya ƙera, wataƙila a sauke akwatin gaba ɗaya. Kwanaki ke nan jirgi ba ya kawo ko sisi. Na taɓa tsayawa da irin wannan toshi a hannuna da tsakar dare, manaja yana bakin ƙofa yana cewa, "Oga, masu kwangila suna jira da asuba, sa hannu mana, in ya dawo sai mu duba." Shi ma ba mugu ba ne, an gaya masa in jirgi ya sake kwana a ƙasa za a ci tararsu. Ban sa hannun ba, kuma na ga yadda aka riƙa kallona makonni bayan haka.

A ranar 1 ga Afrilun 2009, wani jirgi da ke dawowa daga rijiyar mai a tekun Sikotland ya rabu da farfelarsa a sama, mutum 16 suka mutu. Bincike ya nuna an ga ɓarɓashi a irin wannan toshi awa 36 na tashi kafin haɗarin, amma aka samu rashin fahimta tsakanin masu gyara da kamfanin da ya ƙera, ba a buɗe akwatin ba. Masu bincike ba su ce rowa ce ta jawo shi ba, ni ma ba zan ce ba. Na kawo shi ne don ku ga ƙanƙantar abin da rai yake rataye a kai, sannan ku yi tunanin injiniyan da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

Akwai kuma inda abin ya wuce ragi ya zama ha'inci tsagwaronsa. A Amurka, kamfanin Carson Helicopters ya ci kwangilar kashe gobarar daji daga hukumar gandun daji ta ƙasar. Don jiragensa su cika sharaɗin ɗaukar kaya, aka rubuta nauyinsu ƙasa da gaskiya, aka kuma sauya jadawalin ƙarfin injin. Ranar 5 ga Agustan 2008, a wani tsauni a Kalifoniya, matuƙa suka yi lissafinsu da waɗannan takardu, lissafi ya ce za su iya tashi. Jirgin ya fi abin da aka rubuta nauyi da sama da kilo 600. Ya kasa haurawa, ya daki bishiyoyi, ya kama da wuta, mutum tara suka mutu. A 2015 kotu ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban kamfanin shekara 12 da 'yan watanni. Malamai suna nan, sun fi ni sanin hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wancan algus ne a hatsi. Ina ga wanda ya yi shi a takardar da mutane za su ɗora rayukansu a kai?

Kuma kuɗin fasinja ba ya kare shi. Herbert Wigwe, shugaban rukunin bankin Access na Najeriya, ya mutu da matarsa da ɗansa ranar 9 ga Fabrairun 2024 a jirgin haya a Kalifoniya, su shida a ciki. Hukumar bincike ta Amurka ta gano na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki, an sani, aka tashi a haka, matuƙin ya kutsa cikin mummunan yanayi da dare, kuma kamfanin bai sa ido yadda ya kamata ba.

Ni a ganina, laifin nan biyu ne, kuma rabin da ba a cika faɗa ba shi ne na mai ba da kwangila. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jami'in da ya karɓi farashin da ya san ba zai ɗauki nauyin aikin ba, sannan ya aika masu bincike da dogayen takardu su tabbatar masa komai lafiya, yana wanke hannunsa ne kawai tun kafin abin ya faru. A Birtaniya, kwamitin sufuri na majalisar dokoki ya nemi a 2014 a yi bincike na musamman a kan ko matsin kasuwa yana taɓa lafiyar jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai a teku. Gwamnati ba ta amince ba. A nan gida, dokar sayen kayan gwamnati ta 2003 ba ta ce a ba mafi araha ido rufe ba, sai an tantance an ga ya cika sharuɗɗa. Muna da hukumar kula da sufurin jiragen sama, muna da hukumar binciken haɗurra da aka kafa a 2020. Amma sifeto yana zuwa ne ya ga takarda, ba ya kwana a rumfar gyara.

Saboda haka ku ƙannena da ke aiki a teku ko a ma'adinai, ku yi magana ta bakin ƙungiyoyinku na ƙwadago: duk lokacin da aka sauya kamfanin jirgi, ku tambayi dalili, ku tambaya ko injiniyoyin da matuƙan ma'aikatan dindindin ne. Ku da Allah ya kai ofisoshin da ake duba takardun kwangila, na ga biyu ko uku daga cikinku a nan, ku nemi a warware muku farashin dalla-dalla, nawa aka ware wa horo, nawa aka ware wa kayan gyara. Abin da na fi so a rubuta cikin kowace kwangila shi ne kada a ci tarar kamfani don matuƙi ya ƙi tashi saboda yanayi, ko don injiniya ya tsayar da jirgi saboda abin da ya gani, kuma kada a kori ko ɗayansu a kan haka.

Mai gabatarwa yana nuna mini agogo, lokacin Isha ya matso. Hajiya, na ga kin ɗaga hannu tun ɗazu, kin ce ɗanki yana Takoradi. Bismillah, fara da tambayarki.