Darasi: Koya wa Yara Auna Halin Mutanen Cikin Labari

Masu sauraro, salama a gare ku cikin sunan Yesu. Darasin yau na iyaye ne da malaman makarantar Lahadi.

Mama, idan kin gama ba yara labari, me kike tambayarsu? Yawancinmu cewa muke yi, "Wa ya yi kirki, wa ya yi mugunta?" Su amsa baki ɗaya, a tashi. Yaron bai yi tunanin komai ba, fuskarki kawai ya karanta.

To, mu buɗe Luka sura 15, daga aya 11. Ƙaramin ɗa ya karɓi rabonsa na gado, ya cinye a wata ƙasa, har ya koma kiwon aladu. Da ya dawo gida, uban ya shirya masa biki. Wannan kowane yaro zai ce ya yi laifi. Sai ki juya kan wan, wanda bai taɓa barin gida ba. Ki ce, "Da ya dawo daga gona ya ji kiɗa, me ya sa ya ƙi shiga?" Ki yi shiru, kada ki amsa musu. Wani zai ce kishi ne. Wata kuma ta ce ai da gaskiyarsa, ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ba. Kada ki kwaɓe ta! A aya 29 shi ma kukan da ya yi ke nan. Sai ki tambaye su abin da yake so a zuciyarsa: uban yake ƙauna, ko ladan wahalarsa yake jira? Ku lura, Yesu bai faɗi ko ya shiga bikin ba. Bari yaran su ce da su ne, me za su yi.

Haka ma tatsuniya. Na san wasu iyaye ba sa son a kawo Gizo kusa da Littafi Mai Tsarki, ni kam ina kawo shi. Yara na son Gizo saboda wayonsa, bar su su yi dariyarsu. In sun lafa, malam, ka ce, "Wa ya kwana da yunwa saboda dabarar nan? Ƙoƙi fa, yaya ta ji?"

Kafin mako mai zuwa, ku karanta musu Yunusa sura 4, ku tambaye su dalilin da ya sa annabi ya yi fushi da aka yafe wa mutanen Nineba. Ku riƙe amsoshinsu, da su za mu fara.