Me Ya Sa Kyamarar Waya Ke Jinkirin Buɗewa? Yadda Kanel Ke Rabon RAM

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci.

Ku ajiye wayoyi biyu masu RAM ɗin gigabait 4 kowacce, ku danna kyamara a tare. Sai ku ga ɗaya ta buɗe nan take, ɗayar kuma ta tsaya da baƙin allo kafin hoto ya fito. Da yawanmu za su ce RAM ne ya yi mata kaɗan, alhali adadinsu ɗaya. Dalilan irin wannan jinkiri suna da yawa, amma yau za mu bi guda ɗaya wanda ba a cika magana a kansa ba, wato hanyar da kanel ɗin Linux, zuciyar manhajar da ke sarrafa kayan cikin waya wadda Android ke zaune a kanta, yake bi ya miƙa wa kyamara wurin da za ta zuba hoto.

Mu fara da cip ɗin kansa. Ko Helio na MediaTek ne, irin wanda ke cikin Tecno da Infinix da yawa, ko Snapdragon na Qualcomm, ko Unisoc, ba furosesa kaɗai ke ciki ba. Akwai sashen zane da ake kira GPU, akwai mai gyara hoton kyamara, akwai mai matse bidiyo, akwai mai tura hoto zuwa allo. Dukansu RAM ɗaya suke ci, kuma kowannensu yana da direbansa, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, a cikin kanel. Waɗannan sassa ba sa jiran furosesa ya ɗauko musu bayanai. Su da kansu suke rubutawa da karantawa a cikin RAM, abin da masana ke kira DMA. Aikin direba shi ne ya nuna musu wurin.

A nan matsalar take. Kanel yana yanka RAM zuwa shafuka, kowane shafi bait 4096, wato kilobait 4. In waya ta kwana biyu a kunne, ana buɗe manhajoji ana rufewa, shafukan da babu kowa a kansu sai su warwatse, ɗaya nan, uku can. Furosesa bai damu ba, domin yana da na'urarsa da ke haɗa masa su kamar a jere suke. Amma kyamarorin farko ba su da wannan gata. Wuri guda suke so, a jere, babu giɓi. Hoto ɗaya na bidiyon 1080p, a irin tsarin da kyamara ke fitar da shi, bait 3,110,400 ne, wato shafi 760. Kuma ba ɗaya kyamara ke buƙata ba, tana son da yawa a hannu don tana cika wannan ana kwashe wancan.

Dabarar farko ta ƙarfi ce: tun lokacin kunna waya a keɓe wani yanki na RAM a ce na kyamara ne, kada kowa ya taɓa. Haka wayoyin Android na farko suka yi. Yana aiki, amma ɓarna ce, domin ko ba ka buɗe kyamara ba tun safe, yankin yana nan a kulle. A 2012 injiniyoyin Samsung suka shigar da CMA cikin Linux 3.5. Shi kuma ya ce a bai wa manhajoji aron yankin, in kyamara ta tashi a kwashe su a kai wani wuri. Ɓarna ta ragu, sai dai kwashewar tana cin lokaci, kuma a daidai lokacin da kai kake jiran kyamara ta buɗe ake yin ta.

Maganin da ya zauna shi ne a ba wa su ma waɗannan sassa nasu mai fassara adireshi. Sunansa IOMMU. Kamfanin ARM na kiran nasa SMMU, MediaTek na kiran nasa M4U. Ku ɗauka ɗan kasuwa ne a Dawanau da buhun masara 760, bai sami sito guda da zai ɗauke su ba, sai ya rarraba su a shaguna daban-daban. Yana da malamin da ke riƙe da littafi: buhu kaza yana shago kaza. 'Yan dako ba ruwansu, lamba kawai suke faɗa, malam ya nuna musu ƙofa. Malamin ya haddace wurare kaɗan a ka, sauran sai ya buɗe littafi, kuma duk lokacin da ya tsaya bincike, ɗan dako yana tsaye da kaya a kansa. Malamin shi ne IOMMU, littafin shi ne teburin shafuka, haddar kuma ita ce ake kira TLB.

To, kusan duk gyaran da ake yi wa direbobin nan a kan wannan yake: a rage tsawon teburin, a rage yawan komawa gare shi, a rage yawan share TLB.

Na farko, kuma wanda na fi ganin hikimarsa, shi ne a daina raba wuri shafi-shafi in da hali. A cikin Linux, mai raba wa na'urori wuri yana fara neman gutsure mai girman megabait 1. In bai samu ba ya nemi mai kilobait 64. Sai in duk sun gagara ya koma kilobait 4. Ba haka kawai aka zaɓi waɗannan lambobi ba, an zaɓe su ne saboda su ne girman da IOMMU da yawa suka iya rubutawa a matsayin abu guda. Na MediaTek, misali, ya san kilobait 4, kilobait 64, megabait 1 da megabait 16. Mu yi lissafi da hotonmu na ɗazu. Manyan gutsattsari biyu na megabait 1, sai goma sha biyar na kilobait 64, sai ƙananan shafuka takwas su cike ragowar. Jimla 25. A da TLB zai yi fama da adireshi 760, yanzu 25 ne kacal, kuma RAM ɗin bai ƙaru da ko bait ɗaya ba. Ku tuna bidiyo na zuwa da hoto 30 a kowace daƙiƙa, kuma kowanne sai an rubuta shi, an karanta shi, an matse shi.

Sai dai akwai sharaɗi. Manyan gutsattsarin sai in suna nan za a samu. Wayar da ta daɗe a kunne, RAM ɗinta ya farfashe, sai a koma kan ƙananan shafuka dole. Wannan na cikin dalilan da suka sa kashe waya a sake kunna ta yake sa ta yi sauƙi na ɗan lokaci. Ba camfi ba ne.

Na biyu ya shafi lokacin da aka gama da wuri. In kyamara ta saki shafukanta, dole a goge su daga teburi, sannan a ce wa IOMMU ya manta da su, in ba haka ba zai iya ci gaba da rubutu a wurin da aka riga aka ba wani. Umarnin mantawar nan yana da tsada, domin direba sai ya aika, ya tsaya ya jira na'urar ta ce ta gama. A da direbobi da yawa kowane shafi sai sun aika sun jira. A 2019 aka sake fasalin wannan ɓangare na Linux ta yadda direba zai tara duk adireshin da za a goge, ya aika sau ɗaya, ya jira sau ɗaya. A 2021 kuma aka ƙara hanyar rubutawa da goge jerin shafuka a kira guda, maimakon a sauka teburin daga sama har ƙasa saboda kowane shafi.

Akwai masu son a ƙara gaba, a jinkirta mantawar gaba ɗaya har sai buƙatu sun taru. Linux yana da wannan zaɓi, kuma yana ƙara sauri. Amma ni a ganina a waya ya kamata a yi taka-tsantsan da shi, domin tsakanin sakin shafi da share TLB akwai 'yar tazara da na'ura ke iya taɓa abin da ba nata ba. Waya ce muke ajiye manhajar banki da hotunan iyali a cikinta. IOMMU ba don sauri kaɗai aka sa shi ba, katanga ne tsakanin sassan cip da bayananka.

Na uku shi ne tsafta. Kanel ba ya miƙa wa kowa shafi sai ya share shi tas ya cika shi da sifili, saboda kada sabon mai shi ya ga abin da na baya ya bari. Share megabait masu yawa a daidai lokacin buɗe kyamara jinkiri ne. Don haka kanel ɗin Android yake ajiye wani tari na shafukan da aka riga aka share, ya yi sharar a bayan fage lokacin da waya ba ta da aiki. Haka nan furosesa yana da 'yar ma'adanarsa ta kusa mai saurin gaske, wadda sassa da yawa na cip ɗin waya ba sa ganin abin da ke cikinta, don haka sai direba ya daidaita ta da RAM duk lokacin da hoto zai canza hannu. Amma in hoto daga kyamara zai wuce allo kai tsaye, furosesa bai taɓa shi ba, wannan daidaitawar aikin banza ce. Shi ya sa Android ya tanadi wani nau'in wuri da ba ya bi ta wannan ma'adana sam.

Tarin shafukan nan da aka share, a babbar waya ba a jin sa. A wayar gigabait 2 ko 3 kuwa, irin wadda mutanenmu da yawa suke riƙe da ita, duk megabait ɗin da aka ajiye don kyamara an hana wa WhatsApp shi ne. In RAM ya matse, Android yana da ɗan aike mai suna lmkd da ke kashe manhajojin da ke baya. Direba nagari yana sakin tarinsa da zarar kanel ya nema. Wanda aka rubuta da sakaci kuwa sai ya riƙe, kai kuma ka fito daga kyamara ka tarar manhajar da ka bari ta fara daga farko. Abin da ke damuna shi ne, saitin da ya dace da waya mai gigabait 12 ba shi ne ya dace da mai 2 ba, kuma ƙaramar wayar ce ta fi buƙatar a zauna a daidaita mata shi da kyau.

Yanzu tambayar ita ce, in an yi gyara irin wannan, ta yaya zai iso hannunmu? A farkon Android kowane kamfanin cip da nasa mai rabon RAM: Qualcomm na da PMEM, Nvidia na da NVMAP, Texas Instruments na da CMEM. A 2011, tare da Android 4.0, Google ya kawo ION don ya haɗe su. Ya taimaka, amma kamfanoni suka riƙa yi masa kwaskwarima kowa da irin tasa, har ION ɗin wannan waya ya daina kama da na waccan, kuma bai taɓa samun cikakkiyar karɓuwa a babban kanel ɗin Linux ba. Ƙofa ɗaya gare shi, duk wanda ya shiga yana iya neman kowane irin wuri. A 2020, a Linux 5.6, aka karɓi magajinsa, DMA-BUF heaps, aikin da John Stultz na Linaro da Andrew Davis na Texas Instruments suka jagoranta. A nan kowane nau'in wuri da ƙofarsa, ana iya cewa wannan manhaja ta shiga nan, kada ta shiga can. An cire ION daga Linux a 5.11, sannan Android 12 da kanel 5.10 suka koma kan sabon tsarin. A daidai lokacin ne kuma Google ya matsa a kan GKI, wato gangar jikin kanel ɗaya ga kowa, kamfanoni su liƙa direbobinsu daga gefe. Amfaninsa shi ne gyara ɗaya ya wadaci wayoyi masu yawa, ba sai kowane kamfani ya sake yin nasa ba.

Mataki na baya-bayan nan ya taɓa girman shafin ne kansa. Daga Android 15 waya na iya aiki da shafi mai kilobait 16 maimakon 4, abin da iPhone ya daɗe yana yi. Google ya ce a gwajinsa sauri ya ƙaru da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, amma cin RAM ya ƙaru da kusan kashi 9. Ga babbar waya riba ce. Ga mai gigabait 2, wannan kashi 9 ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga dalilin gaggawar kai shi can ba.

Wani abu kuma ga masu shirin sayen waya. Za ku ga an rubuta a kwali 4+4, ko 8+8, a ce an ƙara RAM. Rabin na biyu ba RAM ba ne, aro ne daga ma'ajiyar waya inda hotuna da bidiyo suke zama, kuma ta fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Yana iya taimakawa wajen ajiye manhajojin da ke barci a baya. Amma wurin da kyamara da GPU suke rubutu a kai a kafe yake cikin RAM na gaske, ba a iya kwashe shi zuwa can. Saboda haka lambar farko ita ce abin dubawa.

In kuna son sanin inda wayarku ta tsaya, ku shiga setin, wajen bayanan waya, ku nemi layin da aka rubuta Kernel version. Ku lura, sabunta Android ba lallai ya sabunta kanel ba. Galibi waya tana ci gaba da zama a kan jerin kanel ɗin da ta fito da shi daga kamfani, sai dai a riƙa yi masa faci. In kun ga 4.14 ko 4.19, wayar ta zamanin ION ce, kuma saurin kyamararta ya dogara ne da irin gyaran da kamfanin cip ɗin ya ɗauko ya liƙa da hannunsa. In kun ga 5.10, 5.15, 6.1 ko sama da haka, tana kan sabon tsarin.